Zuba jari daga Maraɗi: yadda ake lissafin riba da yadda ake duba ƙofar fita

A takarda, tattalin arzikin Nijar na cikin masu saurin girma a Afirka. Ya ƙaru da sama da kashi 11 cikin ɗari a 2022, ya ja baya zuwa wajen kashi 2 a 2023 saboda takunkumi, ya sake haura kashi 8 a 2024, shekarar da ɗanyen man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Seme ta ƙasar Benin. Mai ƴan kuɗi a hannu in ya ji wannan lissafi sai ya ɗauka duk inda ya jefa jarinsa tsirowa zai yi. Ba haka abin yake ba. Ganga 90,000 da aka gina bututun ya riƙa ɗauka a kullum lissafin ƙasa take kumburawa, ba ita ke turo masu saye shagonka na Babbar Kasuwa ba. Ga kuma jama'a da ke ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin ɗari duk shekara, don haka rabon kowane mutum bai kai abin da ake ji a rediyo ba.

A ƙasa irin tamu, ba faɗuwar farashi ce ta fi karya mai jari ba. Toshewar hanya ce. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakarta. A farkon 2023 tsabar naira ta yi ɓatan dabo saboda canjin takardun kuɗi. A watan Yuni na wannan shekara aka sakar wa naira mara, ta zube. Ranar 30 ga Yuli takunkumin CEDEAO da UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu sefa na Afirka ta Yamma, ya sauka a kan Nijar, cire kuɗi a banki ya zama sai da layi da iyaka, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ba ta buɗe a hukumance ba sai watan Maris na 2024. Duk wannan cikin shekara biyar. Saboda haka kowane jari da za a kawo maka, yi masa tambaya uku kafin ka tambayi ribarsa. Da wane kuɗi za a biya ni? In na matsu, kwana nawa zan yi kafin ya koma tsaba a hannuna? Wane ne zai iya tare mini hanya da sa hannu ɗaya?

Kuɗin da ake zubawa da wanda ba a taɓawa

Fara da ware na gida: cefanen wata shida, kuɗin makarantar yara, da abin da za a kai asibiti in ta taso. Uwar kuɗin shago ba ta shiga wannan harka, haka kuɗin bashi, kuɗin adashe da bai zo kanka ba, da amanar marayu. Abin da ya rage, wanda za ka iya kau da ido a kansa shekara uku zuwa biyar, shi ne jari. Wanda ya zuba kuɗin da zai nema bayan wata huɗu ya riga ya ba kasuwa wuƙa da nama, don ranar da ya matsu ita za ta yanka masa farashi.

Kuɗin ko-ta-kwana a banki ake ajiye shi, amma a san iyakar kariyar. Asusun lamunin masu ajiya na ƙasashenmu masu sefa (UMOA) yana biyan mai ajiya har sefa miliyan 1 da jika 400 in banki ya durƙushe, jika 300 kuma in ƙaramar ma'aikatar ajiya da bashi ce. Abin da ya haura haka sai jiran rabon kadarori. Dabarar ita ce a raba ajiya banki biyu, a kuma bar tsabar wata guda a gida ko a asusun waya. Kada kuma a ɗauki asusun ajiya a matsayin jari. Kashi 3.5 cikin ɗari yake bayarwa a shekara, alhali a 2024 tsadar kaya a Nijar ta kai wajen kashi 9. Kuɗin na nan a rubuce, amma tiyar geron da zai saya ta ragu.

Canji, inda ribar Najeriya ke narkewa

Ɗan Maraɗi da Katsina da Kano ya saba, can hankalinsa ke fara zuwa. Kasuwa ce babba mai mutane sama da miliyan 200, kuma ribar da ake faɗa a can tana da daɗin ji. Sai dai da sefa kake cin abinci, da sefa kake biyan haya, don haka da sefa za ka ƙirga.

A ce ka kai miliyan 1 wajen ɗan canji a ranar da jika ɗaya ke ba da naira 1,200. Ka karɓi naira 1,200,000, ka zuba, bayan shekara ka ci ribar kashi 40, kuɗi sun zama 1,680,000. Ka dawo canji ka tarar jika ɗaya ta koma naira 2,400. Abin da zai shigo aljihunka jika 700 ne. A littafin Kano ka ci riba, a littafin Maraɗi ka yi asarar jika 300. Irin wannan ya faru a zahiri. A 2023 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas, wato lissafin da ke nuna hawa da saukar farashin kamfanoninta a dunƙule, ya tashi da kusan kashi 46, amma dalar Amurka da ake saye wajen naira 460 a farkon shekara ta wuce 900 a ƙarshenta a farashin hukuma. Wanda ya shigo da kuɗin waje ya fita da ƙasa da abin da ya kawo.

Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce. Ɗauki ribar da aka yi maka alkawari, ka cire abin da kake tsammanin kuɗin ƙasar zai zube, ka cire la'adar canji shiga da fita. Hanya mafi kusa ta hasashen zubewar ita ce bambancin tsadar kaya tsakanin ƙasashen biyu. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34. Ribar kashi 25 a irin wannan shekara ci-baya ce.

Wanda duk da haka yake son shiga ta hanyar hukuma, akwai matakai biyu da ake yawan tsallakewa. Fitar da kuɗi ta banki don zuba jari a wajen ƙasashen sefa yana buƙatar izinin ma'aikatar kuɗi, don haka a fara da tambayar banki takardun da ake nema. A ɓangaren Najeriya kuma, bankin da ya karɓi kuɗin yana ba da takardar shaidar shigo da jari, wadda ake kira CCI. Ita ce za ta ba ka damar mayar da uwar kuɗi da riba ta hanyar banki. Kuɗin da ya ƙetare iyaka a jaka ba shi da wannan shaida. Ko mai shaidar ma yana iya jira: a 2023 kamfanonin jiragen sama na waje sun yi watanni da sama da dalar Amurka miliyan 800 maƙale a Najeriya, saboda babu dalar da za a canza musu.

Sefa ma ba dutse ba ce. An ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, abin da ya sa ta fi naira natsuwa, amma dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, ranar da aka wayi gari darajarta ta rabu biyu. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, suna nan dai cikin UEMOA, kuma maganar kuɗin kansu ba ta daina tasowa ba. Mai hankali ba ya sayar da komai saboda jita-jita, amma ba ya barin duk dukiyarsa a takarda iri ɗaya. Wani kaso ya zama abin da ake taɓawa da hannu, wani kuma ya zauna a wata ƙasar sefa da ba tamu ba.

Kasuwar hannun jari ta Abijan

Hanya mafi sauƙi ta cin moriyar girman ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Senegal ba tare da haɗarin canji ba ita ce BRVM, kasuwar hannun jari ta ƙasashe 8 masu sefa, wadda ta fara aiki a 1998. Cibiyarta na Abijan, tana da reshe a Yamai. Kamfanoni arba'in da ƴan kai ne a cikinta: na sadarwa irin Sonatel da Orange ta Kwaddibuwa, na wuta da ruwa irin CIE da SODECI, na roba da manja irin SAPH da Palmci, da bankuna da dama. Daga Nijar, BOA Niger ce a ciki. Da sefa ake saye, da sefa ake biya.

Ba a saye kai tsaye, sai ta hannun dillali mai lasisi, wanda ake kira SGI. Akwai SGI Niger a Yamai, kuma kana da damar buɗe asusu da kowane dillali mai lasisi a cikin ƙasashen takwas. Kafin komai, duba sunansa a jerin da hukumar sa ido, AMF-UMOA, ke fitarwa. In babu sunan, magana ta ƙare. Abin da aka saba nema shi ne katin shaida ko fasfo, hoto, shaidar wurin zama, da cika takardar yarjejeniya. Nemi jadawalin la'ada a rubuce. Tsakanin rabon dillali, na kasuwa, na ma'ajiyar takardu da haraji, kowane ciniki yakan ci wajen kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, saye daban sayarwa daban, ban da kuɗin riƙon asusu. Mai shiga da fita duk mako dillali yake yi wa aiki. Kuɗin kuma a tura su asusun kamfanin ta banki, ba lambar wayar wani ma'aikaci ba, ko da ɗan unguwarku ne.

Wajen zaɓen kamfani, abu huɗu ake dubawa, kuma duk suna cikin rahoton shekara da takardar farashi da kasuwar ke fitarwa kowace ranar aiki. Na farko, ribar kamfanin ta shekara biyar: tana hawa ne, ko shekara ɗaya ce ta yi kyau? Na biyu, rabon riba. In hannun jari ɗaya yana kan 20,000, an raba 1,500 bayan cire haraji, kashi 7.5 ke nan. Amma a duba ko daga ribar bana aka biya, ko tsohon tanadi aka fasa don a faranta wa masu hannun jari. Na uku, bashin da ke kansa, da kuma bashin da yake bin gwamnatoci, don kamfanin da babban mai sayensa gwamnati ce yakan nuna riba a takarda alhali asusunsa wayam.

Na huɗu shi aka fi mantawa, shi ne kuma ƙofar fita: guda nawa ake cinikinsa a rana? Akwai kamfanonin da za a wuni ba a sayi guda hamsin nasu ba. In kana riƙe da guda 2,000 na irin wannan, ranar da ka tashi sayarwa kamar wanda ya kai rago kasuwa washegarin layya ne. Ƙa'idar da muke ba da shawara: kada abin da ka riƙe ya wuce cinikin kwana biyar na wannan kamfani. Sannan kasuwar ba ta barin farashi ya hau ko ya sauka fiye da kashi 7.5 a rana ɗaya. Wannan na hana firgici, amma yana nufin in labari mara daɗi ya fito, farashi na iya kwana uku yana sauka iyakarsa ba mai saye, kai kuma kana kallo.

In za ka ba da umarnin saye, faɗi farashin da ba za ka wuce ba. Umarnin "saya a duk yadda aka samu" a kasuwa mai ƙarancin ciniki yana iya kwaso maka tayin da ya fi tsada. Kada kuma ka zuba kuɗin gaba ɗaya. Raba shi kashi huɗu ko shida, ka riƙa saye wata-wata, cikin kamfanoni biyar zuwa takwas da ba sana'a ɗaya suke ba, ba ƙasa ɗaya ba. Banki huɗu ba rarrabawa ba ce, don abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa sauran. Wani kuskuren sababbin shiga shi ne rububin saye ana gobe rabon riba. Ranar da aka yanke rabon, farashi kan sauka da kimanin abin da aka raba, sai mutum ya ga bai ƙaru da komai ba sai la'ada da haraji.

A shirya wa haƙuri. Ma'aunin BRVM ya yi shekara biyar a jere yana sauka, daga 2016 zuwa 2020, a 2018 kaɗai ya zube da kusan kashi 29, alhali a waɗannan shekaru tattalin Kwaddibuwa da na Senegal girma suke yi. Sai a 2021 ya tashi da wajen kashi 39. Wanda ya gaji ya sayar a 2020 ya kwashi faɗuwar, tashin kuma ya wuce shi. Wanda ba shi da lokacin karanta rahoto, akwai asusun haɗaka da ake kira FCP, inda ƙwararru ke tara kuɗin jama'a su saya a madadinsu. Tambayi kuɗin shiga, kuɗin kulawa na shekara, da kwana nawa ake yi kafin a biya mai fita.

Takardun bashin gwamnati

Gwamnatocin ƙasashen sefa suna cin bashi ta hannun hukumar UMOA-Titres da ke Dakar, kuma mutum ɗaya na iya shiga ta bankinsa ko ta dillali. Iri biyu ne. Na gajeren zango, BAT, ba ya wuce shekara biyu, guda ɗaya miliyan 1 ne, kuma tun farko ake cire ribar: a kan kashi 8 na shekara guda za ka biya wajen jika 920, a ƙarshe a ba ka miliyan cif. Na dogon zango, OAT, shekara 3, 5, 7 ko 10 ne, guda ɗaya jika 10.

Abin lura a OAT shi ne farashin saye, ba kason da aka rubuta kawai ba. A ce takarda ta shekara 3 ce mai kashi 6, aka sayar maka a 9,300 maimakon 10,000. Guda 100 sun tashi jika 930. Duk shekara za ka karɓi jika 60, a ƙarshe a mayar maka miliyan 1. In aka haɗa, ribar ta kusa kashi 9 a shekara. Ragin nan ba kyauta ba ne. Ƙasar da kasuwa ke shakkar ta ita ke yin ragi mai yawa, don haka riba mafi tsoka alama ce ta haɗari mafi girma.

Ana cewa gwamnati ba ta cin bashi ta hana. Gaskiya ne ba kasafai ba, amma tana iya makara. Mali ta kasa biya a kan lokaci a 2022 saboda takunkumi. Nijar ma haka daga Agusta 2023 har aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, ba don ba ta so ba, sai don an rufe asusunta a babban banki. Ta koma kasuwar a watan Afrilu, aka shiga warware bashin. Wanda ya jingina kuɗin auren ƴarsa da wa'adin da ya faɗo a tsakiyar wannan lokaci, shi ya san yadda ya ƙare. Saboda haka a raba tsakanin ƙasa biyu ko uku, a kuma jera wa'adin: wani ya cika bana, wani baɗi, wani shekara mai bi mata. Sayar da takarda kafin wa'adinta yana yiwuwa, amma sau da yawa sai da ragi.

Maganar halal ba ta gefe ba ce a garin nan. Ribar BAT da OAT kuɗin ruwa ne, kuma akasarin malamai sun hana. Madadinsu shi ne sukuk, wanda ake ginawa a kan kadara da haya: Senegal ta fara fitarwa a 2014, Kwaddibuwa da Togo da Mali suka biyo, Najeriya kuma ta fara nata a 2017 don gina hanyoyi. Ba kullum ake samunsa ba, sai a bar wa dillali saƙo. A hannun jari kuma, a BRVM akwai kamfanin giya, na taba, na caca da bankunan ruwa. Ma'aunin da masana harkar kuɗin Musulunci suka fi amfani da shi shi ne sana'ar kamfanin ta zama halal, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigarsa mara tsabta kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka. A kai wa malami rahoton kamfanin ya gani, ba sunansa kaɗai ba.

Wake, aya da fili

Wannan shi ne jarin da Maraɗi ta fi sani: a saya da kaka, a sayar da bazara. Inda ake faɗuwa shi ne rashin ƙirga kuɗin ajiya. A ce buhu 100 na wake a kan jika 25, miliyan 2 da rabi ke nan. Buhun ajiya mai riɓi uku a 1,500 kowanne, jika 150. Dako da mota jika 50. Hayar mangaza wata shida jika 60. Jimla 2,760,000. In buhu 3 suka tafi a ɓera da zuba da ragin awo, saura 97. Sai farashi ya kai kusan 28,500 kafin ka mayar da kuɗinka, ba a fara maganar riba ba. Sa farashin ranarka a gurbin waɗannan, ka ga inda lissafi ya tsaya.

Buhun nan mai riɓi uku, wato PICS, wanda masu binciken cibiyar binciken noma ta INRAN na nan Maraɗi suka yi aikin gwajinsa, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba magani. Sharaɗinsa wake ya bushe ƙarau, a duba ledojin ciki biyu ba huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Huda ɗaya ta ɓera ta isa ta dawo da ƙwari. A kuma duba inda mangazar take. Bayan ambaliyar ƙarshen Agusta 2024, ba wanda ke buƙatar a gaya masa illar ajiye kaya a kwari.

Farashin wake da aya da riɗi a nan yana sauraron Dawanau ta Kano da darajar naira. In naira ta zube, ɗan kasuwar Kano ba ya iya biyan farashin sefa, kaya sai su kwanta. Gwamnati ma na da hannu. A watan Oktoba na 2024 an hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso. OPVN, hukumar da ke kula da rumbunan abincin ƙasa, kuma takan fito da hatsi a farashi mai rahusa lokacin da abinci ya yi wuya, daidai lokacin da mai ajiya ke jiran tashin kasuwa. Don haka kada a jira ƙololuwa. A sayar da kashi ɗaya cikin uku da zarar riba ta kai abin da aka ƙudurta tun farko, saura a bi da shi a hankali, a gama kafin sabon amfani ya shigo. Riƙe gero lokacin da mutane ke cikin yunwa kuwa, ban da hukuncinsa a addini, shi ne kayan da hukuma ke fara sa wa ido.

Fili ya yi tashe tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, mai tsawon kilomita 284. Mai sayarwa zai ce maka tasha nan kusa za ta sauka. Kada ka biya farashin jirgin da bai iso ba. Je ka ga filin da ƙafarka, da damina in da hali. Bi takardar har tushe: ta gargajiya a hukumar filaye ta Cofo, acte de cession, wato takardar miƙa fili, a ma'aikatar magajin gari, kuma mafi ƙarfinsu titre foncier, takardar mallaka ta dindindin. Tabbatar lambar fili da ke takarda ita ce ke kan taswirar rabon unguwar, ka ga turakun iyaka, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa. In gado ne, sai duk magada sun sa hannu. Ciniki mai nauyi a yi shi gaban notaire, jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da yarjejeniya. Fili ɗaya mai takarda biyu ba baƙon abu ba ne a kotu. Sannan fili ba ya haihuwa duk wata, kuma ranar matsuwa yana iya wata shida bai samu mai saye ba.

Masu alkawarin ninki

Duk wanda ya ce zai ba ka kashi 20 ko 30 a wata, tabbas, ba faɗuwa, kuɗin sababbin shiga yake raba wa tsofaffi. Haka MMM ta yi har ta rufe asusun mutane a Najeriya a watan Disamba na 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025. Alamominsu ba sa canzawa: lada in ka kawo wani, gaggawa, hoton wanda aka biya, da cire kuɗi da ke fara wahala sai an ƙara zuba wasu. Biyan farko da suke yi ba shaida ba ce, shi ne ƙugiyar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Rabo da rubutu

Babu rabon da ya dace da kowa, amma ga abin farawa ga mai sana'ar da ke ciyar da shi, wanda ya ware miliyan 5. Wajen miliyan 2 a kayan da ya san kansu, wake ko aya ko turkar raguna. Miliyan 1 da rabi a BRVM, a shiga da shi cikin wata shida. Miliyan 1 a sukuk ko takardun ƙasashe biyu, gwargwadon abin da ya natsu da shi. Jika 500 su zauna tsaba, don ranar da farashi ya faɗi mai tsaba ne ke saye. Wanda shagonsa ya dogara da Najeriya ya riga ya ɗauki haɗarin naira da na iyaka, bai kamata ya ƙara jarinsa a can ba. Ma'aikacin gwamnati kuma albashinsa daga baitulmalin Nijar yake fitowa, ya fi masa kyau takardun bashinsa su zama na wata ƙasa.

A buɗe littafi guda: ranar saye, adadi, farashi, la'ada, canjin ranar in da naira a ciki, da dalilin saye a layi ɗaya. Duk wata uku a duba. In wani kaso ya kumbura ya wuce rabonsa da yawa, a rage shi a ƙara wa wanda ya rame. In dalilin da aka rubuta ya gushe, misali kamfani ya daina riba shekara biyu a jere ko an canza doka, a sayar ko da da asara.

Zakka kashi 2.5 ce in dukiya ta kai nisabi, kimar giram 85 na zinariya, ta kuma shekara. Kayan da aka saya don sayarwa ana yi musu kima da farashin ranar fitarwa, hannun jarin da aka riƙe don rabon riba kuma lissafinsa daban ne, sai a tambayi malami. Takardar asusun dillali, lambar asusu, takardun fili da rasit na mangaza a haɗa su wuri ɗaya, a yi musu kwafi, uwargida ko babban ɗa ya san inda suke. Hannun jarin BRVM ba takarda ce da ake tsinta a akwati ba, rubutu ne a kwamfuta, kuma dillali ba zai saki komai ga magada ba sai sun kawo takardar mutuwa da ta gado daga kotu.